Akuya, doki ko likita: ina ya kamata kuɗin ƙungiyarmu su tafi?

Bawa_Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Admin a yi mini afuwa, zan ɗan ja magana.

Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Legas, mutanen gabashin Sakkwato ne mu. Bara da damina ɓarayin daji suka kwashe mutane a gona, ciki har da ɗan wana, yaro ɗan shekara 11. Kwana 47 ya yi a hannunsu kafin a haɗa kuɗin fansa. Ya dawo da ƙafarsa, alhamdu lillahi, amma yaron da aka ɗauka daban, wanda aka dawo mana da shi daban. Ba ya magana, sai gyaɗa kai. In ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin gado. Fitsarin kwance da ya bari tun yana shekara 4 ya dawo. An yi rubutu, an yi tofi, an kai shi asibiti aka ba shi maganin zazzaɓi da na ƙarin jini.

Da na je gida ƙaramar salla sai na ga abin da ya tsaya mini a rai. Akuyar uwarsa ta haihu ta mutu, ta bar ɗa guda. Yaron nan shi ya ɗauki ɗan akuyar, yana jiƙa tsumma da madara yana sa masa a baki, da shi yake kwana a zaure. Wata asuba na fito alwala sai na ji murya a bayan rumbu. Na leƙa, ashe shi ne, yana yi wa ɗan akuya faɗa wai ya tauna masa igiyar wando. Butar hannuna sai da ta kusa suɓucewa. Wata 5 ke nan babu wanda ya ji ya haɗa kalma uku.

'Yata da ke jami'a ta ce ai Turawa sun mai da wannan hanyar jinya, da dawaki da karnuka, har horar da mutane suke yi a kai. To ga tambayata. Muna da naira miliyan 2 da dubu 400 a asusun taimakon gida. Waɗanda aka sace aka sako a garinmu da ƙauyukan kewaye sun haura 30, yawanci mata da yara. Ya dace mu zuba kuɗin a irin wannan aiki? Kuma in sun ƙare, wa zai ci gaba da biya?

Ɗan_Mile12:
Allah Ya ba yaro lafiya. Amma Malam Bawa, tsakani da Allah, ana ta kai wa yake ta kaya? Mutanen da ba su noma ba bara, kwanon gero ya gagare su, su za ka kai wa akuyar hira? Ku sayi hatsi ku raba.

Hajiya_Mai_Tuwo:
Allah sarki yaro. Ni da na karanta wurin igiyar wando sai da na yi hawaye. Ɗan_Mile12, hatsi fa sati biyu ne an cinye.

Ɗan_Mile12:
Akuyar ma Hajiya, in yunwa ta matsa ranar kasuwa ɗaya ce.

Nas_Rabi:
Wa alaikumus salam. Ni malamar jinya ce, shekarata 14 a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa a nan Legas. Malam Bawa, abin da ka lissafa, razana da ƙara, ɓuya, shiru, komawa fitsarin kwance, alamu ne da muke gani ga wanda ya shiga mummunan tashin hankali. In suka wuce wata guda suna hana mutum rayuwarsa, likita zai duba ko abin da ake kira PTSD ne, wato larurar firgici da ke biyo bayan tashin hankali. Ba hauka ba ne, a daina faɗa a gaban yaron.

'Yarka ba ta yi ƙarya ba. Tun 1796 wani gidan jinya a birnin York na Ingila yake ajiye zomaye da kaji a tsakar gida don marasa lafiya su kula da su. A 1962 wani masanin halayyar yara a New York, Boris Levinson, ya rubuta yadda wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karen shi Levinson ɗin, daga nan aka samu hanyar shiga. A 2021 Amurka ta yi doka ta gwaji na shekara 5, tsofaffin sojoji masu wannan larura su riƙa horar da karnuka a matsayin wani ɓangare na jinyarsu.

Amma ku lura da abu guda: a duk waɗannan, akwai ƙwararre zaune a gefe. Dabbar ƙofa take buɗewa, mutum ne ke shiga. Kuma yawancin binciken da aka yi kan mutane ƙalilan ne, na ɗan lokaci, shi ya sa likitoci ke ɗaukarsa a matsayin ƙari, ba madadin jinyar da aka tabbatar ba. In kun raba awaki 30 kuka juya baya, kun yi taimakon kiwo, kuma abu ne mai kyau, amma kada ku kira shi magani.

Shamakin_Ikoyi:
Ni dai doki na sani. Shekara 22 ina barga, tun ina yaro a Katsina har na zo nan. Kulob ɗin folo na Ikoyi tun 1904 yake, kuma in ka shiga bargogin da asuba Hausa za ka ji ana yi.

Doki dabba ne mai tsoro, kullum kunnensa a tsaye yake yana sauraron abin da zai kore shi. In ka zo masa da zuciya tana bugawa, numfashi sama-sama, zai ja baya yana hura hanci. Dole ka sassauta kanka kafin ya yarda ka sa masa ragama. An taɓa kawo mana wani yaro daga Borno ya riƙa kwashe kashi, an kashe ubansa a gabansa. Da farko ko ƙofar barga aka buga sai ya zabura. Na haɗa shi da wata tsohuwar goɗiya da ta daina wasa, na ce aikinka ka goge ta safe da yamma. Sai ka gan shi ya kifa goshi a wuyanta ya yi shiru, ita ma ta runtse ido, leɓenta na ƙasa ya saki. Bayan wata uku yaron nan har tsokanar mutane yake yi.

Amma Malam Bawa kada ka yi gangancin sayen doki da kuɗin ƙungiya. Sayensa ne mai sauƙi. Dusa, ingirici, harawa, kanwa, gyaran kofato, allura, kullum baki a buɗe. Miliyan 2 ɗinku doki biyu za su lashe su kuna kallo.

Sani_Acaɓa:
Hhhh Baba Shamaki, mu da aka ƙwace mana babura tun da aka hana acaɓa a watan Yunin 2022, wace dabba za a ba mu mu runguma? Mu ma a firgice muke, ko motar sintiri na gani gabana faɗuwa yake.

Admin_Garba:
Sani, kowace magana sai ka kawo babur ɗinka. A tsaya kan batu.

Jauro_Kara:
Ni abin da ya ba ni mamaki, yadda ake ta ambaton Ingila da Amurka. Mu Fulani muna da haɓɓanaye tun kaka da kakanni. In mutum ya rasa dukiyarsa, ɗan'uwa zai kunto karsana ya ba shi aro. Ta haihu a hannunsa, 'ya'yan nasa ne, uwar ta koma wa mai ita. Ba dukiya kawai ake mayar masa ba. Bafulatanin da aka kore wa shanu, ko bai faɗa ba, kunyar fita yake, ba shi da abin tashi da asuba. Ranar da ya sake jin kukan ɗan maraƙi a turke, ranar yake komawa mutum.

Kada a manta, mu ma an yi mana. Kawuna shanu 60 aka kore masa dare ɗaya, ya zauna gindin bishiya kusan shekara yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ban faɗa don a buɗe wata muhawarar ba.

Shawarata, in za ku yi, ku yi shi haɓɓanaye da awaki. Ku sayi jajaye irin na Sakkwato da Maraɗi, suna yawan haihuwar tagwaye kuma sun saba da ƙasar. Akuya wata 5 take ɗaukar ciki. In ta haihu ta yaye, uwar ta wuce gida na gaba. Kun ga kuɗin ba su mutu ba. A Nijar ƙungiyoyin agaji sun daɗe da ɗaukar wannan tsari, da sunansa na Fulatanci ma suke kiransa.

Ɗan_Mile12:
Jauro ka faɗi gaskiya, sai dai ka tsallake babban abu. Me ke kawo ɓarayi gari? Dabba. A ƙauyen matata mutane da kansu suka sayar da shanun huɗa don a bar su su yi barci. Kun manta 2021 da aka rufe kasuwannin dabbobi a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, aka datse layin waya? Saboda dabbobin sata ne fa. Yanzu a ji labari 'yan Legas sun sauke awaki 30 a gari, ka san masu kai rahoto ba sa barci. Sai a zo a kore su a gaban yaron da kuke son warkarwa. Wannan karon me zai same shi?

Bawa_Agege:
Wallahi Alhaji wannan ita ce maganar da ke hana ni barci. Na tambayi kaina, in ɗan akuyar nan ya mutu ko aka sace shi fa? Uwar yaron ma ta ce da babbar salla wani ya taya, ta ƙi sayarwa, alhali suna bukatar kuɗin.

Nas_Rabi:
Tambayar Alhaji mai nauyi ce, kuma ita ta sa na ce sai da mutum a gefe. Dabba tana mutuwa, tana ɓata. In akwai wanda ke zama da yaron duk mako, rashin ma zai zama abin da za a yi magana a kai. In babu, sai ya sake rufe baki. Sannan ƙa'idar farko a aikinmu ita ce mutum ya fita daga haɗarin tukuna. Wanda har yanzu yake kwana da takalmi a ƙafa don gudun dare, razanarsa ba cuta ba ce kaɗai, gaskiyar halin da yake ciki ce.

Malam_Idi_Araba:
Bismillah. Allah Ya ba wannan yaro lafiya, Ya mayar wa kowa da alheri.

Masu ganin abin baƙo ne su saurara. Ya tabbata a Buhari cewa babu Annabin da Allah Ya aiko face ya yi kiwon tumaki. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce natsuwa tana ga ma'abota tumaki da awaki, alfahari da taƙama kuwa ga ma'abota dawaki da raƙuma. Ga kuma ƙissar ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yaro ƙarami mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Annabi ya gan shi cikin baƙin ciki, ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba.

Game da kuɗi, a bambance. In abin da ke asusunku zakka ce, tana da gidajenta takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma mallaka wa mabukaci ake yi. Ba za a ɗebi zakka a biya albashin mai zagayawa ba haka kawai. In kuwa karo-karo ne da sadaka, ƙofa a buɗe take. Abin da Jauro ya kawo ma ya fi kama da wakafi: asali yana nan, amfani yana zagayawa. Kuma kada a bar addu'a, kada a bar likita. Duka biyun sababi ne.

Shamakin_Ikoyi:
Allah gafarta Malam, yau an taɓa mu masu dawaki. Ai akwai wanda ya ce alheri a ƙulle yake a goshin dawaki har ranar ƙiyama, shi ma a karanto mana shi.

Malam_Idi_Araba:
Shi ma ingantacce ne Shamaki. Sai dai kai da bakinka ka ce doki biyu za su cinye asusun.

Zee_Unilag:
Don Allah me ya sa ba wanda ke maganar kare? A ƙasashen waje shi aka fi amfani da shi, kuma ɓarayi ba sa satar kare. Ga shi yana haushi in baƙo ya doso, yaro zai fi samun barci.

Hajiya_Mai_Tuwo:
'Yar nan, ki kai wa tsohuwa a ƙauye kare ki ce ya kwana a ɗakin jikanta, ki ga abin da za ta yi miki da muciya.

Malam_Idi_Araba:
An yi rangwame a riƙe kare don farauta, da kiwo, da gadin gona. A mazhabar Malik ma ba a ɗauki jikinsa najasa ba, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi sau bakwai. Amma shigar da shi ɗaki a runguma, wannan ba za ta karɓu ga mutanenmu ba, kuma ban ga dalilin jawo rigima alhali ga akuya ga kyanwa ga tattabara.

Dokta_Oko_Oba:
Likitan dabbobi ne ni, kullum ina kwata. Zee, ban da maganar Malam, akwai ciwon haukan kare. Karnukan ƙauye kaɗan ne ake yi wa rigakafi, kuma in alamun ciwon suka bayyana ga mutum, kusan ba a tashi. A bar wannan.

Jauro, tsarinka na yi, amma ga inda irinsa ke karyewa. A je kasuwa uku a sayo awaki, a haɗa su mota ɗaya, a raba washegari ana ɗaukar hoto. Sati biyu sai majina da zawo da gyambon baki, annobar da muke kira PPR. Tana iya share garke, har da awakin da aka tarar a garin. Sai taimako ya koma musiba. Rigakafinta ana yin sa a cibiyar Vom ta Filato, allura ɗaya tana kare dabba shekara 3. A keɓe sababbin dabbobi kamar sati 3 kafin a raba, a ba su maganin tsutsa. Kuma duk madarar da yaro zai sha a tafasa, saboda bakkale, ciwon dabbobi da mutum ke iya ɗauka ta ɗanyar madara.

Ku ware kuɗin abincin rani tun yanzu. Daga Maris zuwa Yuni harawa tsada take, kuma matar da ke tsoron shiga daji yankan ciyawa ba za ta iya ciyar da akuya da iska ba. Wannan shi ne kuɗin da kowa ke mantawa.

Sani_Acaɓa:
To jaki fa? Ba wasa nake ba yanzu Admin. Jaki ga haƙuri, ga ɗebo ruwa.

Jauro_Kara:
Jaki yanzu ai ya fi ƙarfin talaka. Masu fata sun kwashe su ana kaiwa Sin, har sai da Tarayyar Afirka ta hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Kafin nan an riga an yi ɓarna.

Tsohon_Soja_Ojo:
Ban cika magana a nan ba. Na yi shekara 4 a arewa maso gabas. Da na dawo, watan Disamba ne ya fi mini wuya a Legas, saboda abin fashewar nan da yara ke wasa da shi. Sau ɗaya na tsinci kaina kwance a ƙasa a bakin kasuwa, mutane na kallona. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu wata 2, ban ga laifinta ba.

Wani maƙwabcina ya ba ni tattabaru guda huɗu. Na buga musu akurki a saman bene da katakon kwali. Da asuba in hau in watsa musu dawa, in zauna in ga sun tashi sun yi kewaye uku sun dawo. Abin da ya kama ni shi ne dawowar. Kullum sai na ƙirga, kullum sun cika. Yanzu sun kai 40.

Amma zan faɗi gaskiya don kada a ruɗi wani: tattabaru ba su hana ni mafarkin ba. Sai da na je asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, na yi wata 8 ina ganin likita. Abin da tattabaru suka yi shi ne suka riƙe ni har na yarda na je. Malam Bawa, tattabara ba ta da tsada, kuma ban taɓa jin an tare hanya don a kore ta ba.

Hajiya_Mai_Tuwo:
Allah Ya ƙara lafiya Yallaɓai. Ka yi jarumta da ka faɗa.

Ni ma bari in ce wani abu da maza ba za su sani ba. Matan da aka sako, akwai abin da aka yi musu da ba za su taɓa faɗa wa miji ko malami ko likita namiji ba. Ƙanwar kishiyata haka ta dawo, ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. In ana raba awaki aka ce na waɗanda aka sace ne, wallahi ba za ta fito karɓa ba, don kamar an buga mata tambari ne a goshi. Ku ce na zawarawa da marasa ƙarfi ne, ku sa su ciki. Sannan a haɗa su biyar-biyar kamar adashi, su riƙa taruwa duba awakin juna. A wurin tatsa da tsinkar harawa ake maganar da ba a yi a ɗaki.

Aminu_Tsohon_Ma'aikacin_Agaji:
Na yi shekara 6 ina aiki da ƙungiyoyin agaji a Maiduguri kafin aikin ya tsaya na dawo Legas ina sayar da waya. Bari in amsa rabin tambayar Malam Bawa da kowa ya tsallake: wa zai ci gaba da biya?

Kada ku sa rai da Turawa yanzu. Tun Janairun 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin waje, aka rushe USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, ayyuka da yawa sun rufe, har na abincin yara masu tamowa sun taɓu. Wanda ke neman kuɗin abinci bai samu ba, ba mai neman kuɗin akuyar jinya zai samu ba. Dama can arewa maso yamma ba ta samun kason da arewa maso gabas ke samu.

Ta ɓangaren gwamnati, a takarda akwai hanyoyi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi asusu na musamman. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asibitocin matakin farko. An ƙirƙiro ma'aikatar kiwo a 2024, da hukumar raya arewa maso yamma. Amma daga takarda zuwa ƙauyenku tafiya ce mai nisa, kuma ƙungiyar da ba ta da rajista da asusun banki da sunanta ba wanda zai saurare ta.

Wata dabara daga cikin aiki: in za ku rubuta neman tallafi, kada ku sa jinya da dabbobi a kai. Ku rubuta farfaɗo da sana'ar mata ta hanyar kiwo, tare da tallafin natsuwar zuciya. Abu ɗaya ne, amma na biyun yana da layi a kasafinsu. Na ga takarda mai kyau da aka jefar don kawai sunanta bai dace da akwatin da ake cikewa ba.

Ɗan_Mile12:
Wato a yi musu wayo ke nan.

Aminu_Tsohon_Ma'aikacin_Agaji:
Ba wayo ba ne Alhaji, yarensu ne. Kai ma in Bayarabiya ta zo sayen albasa ai ba da Sakkwatanci kake mata ciniki ba.

Nas_Rabi:
Aminu ya kawo ni inda nake so. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a birane suke. Ba za ku samu wanda zai tare a ƙauye ba. Amma ba lallai sai likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsari na zama 5 da ake koya wa wanda ba likita ba, ya taimaki mutanen da bala'i ya shafa, ƙarƙashin kulawar ƙwararre. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, kuma an gwada an ga amfaninsa.

Nan kusa da mu ma, a Aro ta Abeokuta, Farfesa Thomas Lambo ya fara wani abu a 1954: maimakon a kulle marasa lafiya, sai a sauke su a gidajen ƙauyukan kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Mutumin nan ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Don haka jinya a cikin gari, da abin da gari ke da shi, ba daga waje aka kawo mana ba.

Da ni ce mai asusun, kashi ɗaya cikin uku kawai zan sa a dabba. Sauran a horar da mace ɗaya da namiji ɗaya 'yan garin, a riƙa ba su ɗan alawus, a ajiye kuɗin motar kai masu tsanani asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Shi yaronku ma ya kamata a fara kai shi can, tun da akuyar ta buɗe masa baki.

Alhaji_Ma'aji:
Ni ne ma'ajin ƙungiyar da Bawa ke magana, tun da ya kawo mu kasuwa bari in yi nawa bayani. Kuɗin nan gumin masu gadi ne da masu turin baro da masu wankin takalmi, dubu ɗaya dubu biyu. Shekara 3 da suka wuce mun aika kuɗin gyaran rijiyar burtsatse ta hannun wani, har yau ba rijiya ba kuɗi, sai hoton bututu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akuya ko ba komai ana ganinta, a ƙirga ƙafafunta. Alawus da horo fa, me zan nuna wa mutane ranar taro? In ce musu ga natsuwar zuciya na sayo?

Bawa_Agege:
Alhaji ban kawo mu kasuwa ba, ban faɗi sunan gari ba. Shawara nake nema.

Zee_Unilag:
Baba Ma'aji, ana iya nunawa. Yara nawa suka koma makaranta, mata nawa suka koma kasuwa, wa ya fara barci. A rubuta tun ranar farko, a sake dubawa bayan wata 6.

Alhaji_Ma'aji:
Wa zai rubuta? Wanda ake biya alawus ɗin? To.

Ɗan_Mile12:
Ni har yanzu ina kan hatsi. Amma in dole sai an yi, a bi ta tattabarun Yallaɓai da kaji, a bar awaki sai hanya ta yi sauƙi. Kuma kada a yi taro, kada a ɗauki hoto.

Jauro_Kara:
Kaza ba ta san mai ita ba Alhaji. Akuya tana sani. Kuma ba a ce a sauke 30 rana ɗaya ba. Biyu wannan kasuwa, uku wata kasuwa, a saya a hannun mutanen garin ma, babu wanda zai ga baƙuwar dabba. Haka kuma an rage maganar annobar da Dokta ya faɗa.

Dokta_Oko_Oba:
An rage, ba a kawar ba. Allurar dai sai an yi.

Hajiya_Mai_Tuwo:
Malam Bawa ba ka faɗa mana ba, yanzu yaron yana yi wa mutane magana ko har yanzu sai akuyar?

Bawa_Agege:
Hajiya jiya na kira gida. Yana amsa wa uwarsa, gajere-gajere. Ubansa kuwa har yanzu in ya shigo sai yaron ya sunkuyar da kai, wataƙila don a gabansa aka tafi da shi, Allah masani. Makaranta bai koma ba, don hanyar ta bi ta bakin gonar. Da aka ba shi wayar na ce yaya ɗan akuya, sai ya ce mini ai ba ɗa ba ne yanzu, ya yi ƙaho. Ya kuma ce in zan zo in taho masa da ƙararrawa ta wuya.

Taronmu ranar Lahadi ne bayan la'asar. Nas_Rabi, in ba damuwa zan biyo ki ta akwatin sirri kan yadda ake ganin likita a Kware. Alhaji Ma'aji, ka zo da littafin.

Alhaji_Ma'aji:
Littafi kullum yana aljihuna. Kai dai ka zo da lissafin harawar rani da Dokta ya ce.

Shamakin_Ikoyi:
Ƙararrawa kada ka saya, ina da ƙarama ta tagulla a barga. In ka shigo Obalende kafin Lahadi ka kira ni.